Daren da Ba a Runtsa Ba a Rawfolds

Ina ɗan shekara tara na fara lura cewa kawuna ba ya barci. Shekara ashirin ya yi yana buga wa mutane takardu da tafireta a wata rumfa a Kano, sai shagunan kwamfuta suka kewaye shi. A lokacin cinikinsa bai mutu ba tukuna, raguwa kawai ya yi. Amma duk daren da na farka, sai in hango shi zaune kan tabarma a tsakar gida, rediyo na manne da kunnensa. Da na shiga jami'a na karanta tarihin Ingila, sai na tarar da irinsa tun shekaru ɗari biyu da suka shuɗe.

A watan Maris na 1811, masaƙan safa na garin Arnold, kusa da Nottingham, suka fita cikin dare suka farfasa injunan iyayen gidansu. Sunan wani Ned Ludd suke sa wa a ƙasan wasiƙunsu na gargaɗi, shi ya sa ake kiransu Ludiyawa. Yau idan Bature ya kira mutum da wannan suna, nufinsa baƙauye mai gudun ci gaba. A ganina an zalunce su. Ƙwararru ne, kuma sai da suka bi ta hanyar koke ga majalisa kafin su ɗauki guduma.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu askin ulu na Yorkshire. Aikinsu shi ne gyara fuskar yadi da wani ƙaton almakashi mai nauyin kusan kilo ashirin, sana'ar da ake shafe shekaru ana koyo, mai tsoka kuma. Sai ga injin da ke yin aikin mutane da dama a hannun ma'aikaci guda. A 1809 majalisa ta soke tsofaffin dokokin da ke kare sana'ar ulu. Ga yaƙin Napoleon ya toshe kasuwanni, ga alkama ta yi tsadar da ba a saba gani ba a 1812. Magidancin da ya yini yana aiki, ya raba dare a dokar daji yana atisaye, ya koma gida yana sauraren takun sojoji, yaushe zai runtsa?

Abin mamaki, fargabar ba ta bar mai injin ba. William Cartwright, mai masaƙar Rawfolds, ya ƙaurace wa gadonsa na makonni, yana kwana cikin masaƙar tare da sojoji biyar da wasu ma'aikatansa, bindigogi a ɗure. Daren 11 ga Afrilu 1812 mutum wajen 150 suka far wa wurin. Aka buɗe musu wuta, biyu suka mutu sakamakon raunukan da suka samu. Kafin watan ya ƙare aka harbe wani mai masaƙa, William Horsfall, a kan hanyarsa ta komawa gida. Gwamnati ta riga ta mayar da fasa inji laifin kisa, duk da adawar Lord Byron a majalisar dattawa. A Janairun 1813 aka rataye mutum 17 a York.

Likitoci sun bayyana abin da ke faruwa a jikin mai irin wannan zulumi: sinadaran da ke shirya mutum ga haɗari, waɗanda ya kamata su lafa da dare, sai su ƙi sauka, zuciya ta yi ta bugu, tunani ya yi ta kewaya wuri guda. Jiki ba ya bambance kura a bakin ƙofa da takardar sallama da ba ta iso ba.

Waɗanda injin ya ɗauka aiki ma ba su tsira da barcinsu ba. Fitilar gas ta ba masaƙu damar aiki bayan faɗuwar rana, har aka samu sana'ar ƙwanƙwasa tagogi da doguwar sanda don tada ma'aikata da asuba. A 1833 doka ta hana sa 'yan ƙasa da shekara 18 aikin dare a masaƙu.

Kawu ya sayar da tafiretarsa daga baya, ya buɗe tireda, barcinsa ya dawo. Ni kuwa fassara nake yi tun da na gama hidimar ƙasa, kuma watan jiya wani da na saba yi wa aiki ya turo mini shafi talatin da manhaja ta fassara, ya ce in duba masa kawai a kan sulusin kuɗin da. Na karɓa. Ƙarfe uku na dare na gama.