AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tarihin Cinikin Albasa A Ƙasar Bagudo Da Bakin Iyakar Benin

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi mai sauraronmu a ƙasar Illo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Bayan gaisuwa, ya ce: "Don Allah ku ba ni tarihin noma da cinikin albasa a wannan yanki namu. Kullum a kaka mukan sayar da ita da arha, bayan 'yan watanni mu ji ta yi tsada a hannun wasu. Yarana sun ce mu bar ta mu koma shinkafa. Shin ina ƙarfin wannan sana'a, ina kuma rauninta?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin kuwa ba kai kaɗai ta shafa ba.

Da farko dai ita albasa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Masana sun ce asalinta daga tsakiyar nahiyar Asiya ne, kuma an noma ta a Masar tun zamanin Fir'auna. Sunanta ma shaida ne, don kalmar "albasa" daga Larabci muka aro ta, Yarabawa kuma suna ce mata alubosa. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853, ya yaba albasar garin a littafinsa. Ka ga ke nan tun kafin zuwan Turawan mulki ƙasar nan ta yi suna a kanta.

Ta fannin ciniki kuwa, a zamanin dā garin naku na Illo yana kan hanyar fataken Gwanja. Ayarori daga Kano da Sakkwato sukan ƙetare Kogin Kwara a wannan yanki, su ratsa ƙasar Bargu, su nufi Salaga sayen goro. Cikin kayan da suke ɗauka, ban da tufafi da kanwa da kayan fata, har da busasshen ganyen albasa, watau gabu. Ka riƙe wannan magana, Malam, za mu komo kanta. Tafiyar watanni ce a kan jaki, ɗanyar albasa ba ta iya jure ta, sai mutanen dā suka yi dabarar busar da lawashinta.

Ita iyakar da kake gani daga baya ta zo. A 1898 ne Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar da ta bar Illo a ɓangaren Ingilishi, 'yan'uwanku na yamma kuma suka faɗa ƙasar Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975. Amma takarda ba ta raba dangi ba. Dandawa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa na ɓangarorin biyu sun ci gaba da auratayya da cin kasuwannin juna, ta Lolo da Tsamiya zuwa Segbana da Malanville. Ita Malanville, wadda ke fuskantar Gaya ta Nijar, tana daga cikin manyan kasuwannin Benin, kuma albasa na cikin kayan da aka san ta da su.

Noman kansa ya sake kama a 'yan shekarun baya. Iyayenmu da jigo suke ban-ruwa, mutum ya wuni yana ja bai wuce 'yan fangaloli ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sai ya zo daidai da shirin bunƙasa noman fadama na ƙasa wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, inda ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa suka yawaita. Gonaki suka faɗaɗa, albasa ta yi yawa, garin Aliero ya zama babbar cibiyarta a jihar.

To, a nan ƙarfin sana'ar yake. Na ɗaya, ruwa: kuna bakin kogi, ga fadama, ga sanyin hunturu da albasa ke so. Na biyu, gwaninta da kuma iri, don ba ku da nisa da Nijar, inda jar albasar Galmi ta fito, wadda aka sani a duk Afirka ta Yamma. Na uku, kasuwa biyu da kuɗi iri biyu. Idan naira ta faɗi, kamar yadda ta fara yi tun 1986, ɗan kasuwa mai sefa yakan ga kayanku da arha ya shigo saye. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sai lissafin ya juya na ɗan lokaci. Na huɗu, buƙata ba ta yankewa, don daga Legas har Kwatano ba tukunyar miyar da ke hawa murhu ba albasa.

Sai rauni, wanda shi ne ainihin kukanka. Kowa yana dasawa a farkon rani, kowa yana cirewa daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Kaya su cika kasuwa rana ɗaya, ga bashin taki da na man inji yana jiran manomi, dole ya sayar yadda dillali ya yanka. Wajen Oktoba zuwa Disamba kuwa albasa ta yi wuya, har manyan birane irin su Abijan da Dakar sukan sayo ta daga Holan da Maroko. Ribar tana tsakanin waɗannan lokuta biyu, kuma mai iya ajiya shi ke cinta. Ajiyar kuwa ba sauƙi gare ta ba. Rumbun kara da ciyawa, wanda ake kira rudu, yana taimakawa, amma da zafin bazara da laimar damina sun haɗu, sai ruɓa da tsiro su ci kaso mai yawa. Sau da yawa ma tun daga gona ake jawo ruɓar: yawan takin yuriya, da ban-ruwa har zuwa ranar cira, da yanke ganye kafin wuyan albasar ya bushe.

Rauni na biyu shi ne awo. Da buhu ake ciniki, ba da sikeli ba, a danna shi har a ɗinka masa hula, ƙarin nan kuwa kyauta ne daga gumin manomi.

Na uku, hanyar ba a hannunku take ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, motoci suka yi jerin gwano. A cikin gida ma, rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ya jawo wa 'yan kasuwar Arewa hasara, kuma a watan Yunin shekarar ƙungiyar masu albasa ta dakatar da kai kaya Kudu na wani lokaci. Buhun gero yana iya jiran a buɗe hanya, amma na albasa ba ya jira. Ga kuma shingayen kan hanya, duk da yarjejeniyar ECOWAS ta sauƙaƙa zirga-zirgar amfanin gona. Bugu da ƙari, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsadar ban-ruwa da kuɗin mota.

Yanzu mu koma ga gabun nan na fatake. Akwai mutanen da har yau suke cin moriyar wannan dabara, su ne Dogon na yankin Bandiagara a ƙasar Mali. Suna noma wata ƙaramar albasa mai fitar da 'ya'ya da yawa a gindi ɗaya, sai su daka ta su dunƙule, ko su yayyanka ta su shanya, ta yi watanni ba ta lalace ba, su sayar a lokacin da suka ga dama. Abin da kakanninmu suka sani ne, mu muka yi sakaci da shi da mota ta zo.

Saboda haka Malam, shawararmu ita ce kada a yi saurin barin albasa. Shinkafa ma tana da nata haɗarin, ambaliyar 2020 ta nuna wa manoman Kebbi haka. Gara a raba ƙafa. A rage yuriya, a tsayar da ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar albasa ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, a ware masu rauni kafin a zuba a rumbu, a riƙa dubawa ana tsince ruɓaɓɓu. A sayar da wani kaso a biya bashi, a ajiye saura. Idan kuma manoman ƙauye suka haɗa kai wajen rumbu da hayar mota da tsayawa a kan buhu iri ɗaya, dillali zai saurare su. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da fatan Malam ya gamsu, a kuma gaishe mana da mutanen Illo da Lolo da Bagudo baki ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.