Maganin Farfaɗiya da Ciwon Maƙoƙo: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma tana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 7 cikin 10 masu ita za su iya daina faɗuwa in suna shan magani a kan ƙa'ida. Sai dai wasu magungunan, in an daɗe ana shan su, sukan taɓa aikin tayirod, wata ƴar tsoka da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne ake kira maƙoƙo.

Yadda abin ke faruwa

Tayirod ce ke fitar da sinadarin da ke daidaita ɗumin jiki da kuzarinsa. Gardénal, Tégrétol da fenitoyin suna sa hanta ta riƙa kawar da wannan sinadari da sauri, sai ya ragu a cikin jini. Dépakine ma kan rage ƙarfin tayirod ga wasu. Da yawa ba sa jin komai, amma haɗarin ya fi ga wanda da ma tayirod ɗinsa ke da rauni, ko abincinsa ba shi da isasshen ayodin.

Alamomin da za ka lura da su

Kasala mai tsanani, jin sanyi ko ba lokacin hunturu ba, ƙiba ba dalili, taurin bayan gida, bushewar fata, kumburin wuya, da rikicewar al'ada ga mata. Gardénal shi kansa yana sa barci da nauyin jiki, saboda haka gwajin jini ne kaɗai zai raba gardama.

Abin da za ka yi

Kada ka bar magani da kanka, ko na kwana ɗaya. Yanke shi farat ɗaya kan jawo faɗuwa a jere wadda ke iya kisa. Ka kai kwalin maganinka asibitin Magariya ko na Dungass, ka bayyana abin da kake ji, ka nemi gwajin TSH da T4. In ya kama, a tura ka babban asibitin Damagaram. Ka riƙa amfani da gishiri mai ayodin, kuma ka guji maganin ƴan tebur.

In kana shan Lévothyrox, ka sanar da likita, domin mai yiwuwa sai an ƙara maka yawansa. Ke kuma mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, ki je awo da wuri: ƙarancin wannan sinadari yana cutar da ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, Dépakine kuwa tana iya nakasa shi.