Daga Gaba Zuwa Ƙauna: Tarihin Wani Salon Labari

Yau tarihin wani salon labarin soyayya za mu waiwaya, wanda na san kin sha cin karo da shi: mutum biyu ba sa ga-maciji da juna, amma kafin littafi ya ƙare sai ga shi ɗaya ba ya iya rayuwa sai da ɗayan.

Salon nan ya daɗe. A shekarar 1813 wata marubuciya 'yar Ingila, Jane Austen, ta fitar da littafinta Pride and Prejudice. A ciki wani attajiri mai girman kai, Darcy, ya nemi auren Elizabeth yana yi mata gorin danginta. Ita kuwa ta ƙi shi, ta faɗa masa aibinsa ido da ido. Sai da ya gyara halinsa, ita ma ta gane inda ta yi masa mummunan zato, sannan aka yi aure.

Daga baya kamfanin Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, ya yi ta buga irin waɗannan labarai, har suka iso hannun 'yan matan makarantunmu. Da littattafan soyayya na Hausa suka bunƙasa a Kano cikin shekarun 1980, salon ya samu gurbi a labaran auren dole, inda ake fara zama da ƙiyayya.

A ƙasashen waje kuma ya yi wani reshe, inda masoyan biyu duk maza ne. Abin da zai ba ki mamaki, mata ne suka fi rubuta shi, su ne kuma suka fi karantawa. A Japan, mata masu zanen labarai irin su Hagio Moto da Takemiya Keiko ne suka buɗe wannan hanya cikin shekarun 1970, don 'yan mata. A Amurka, littafin Casey McQuiston, Red, White & Royal Blue, ya fito a 2019: ɗan shugabar ƙasa da wani yariman Ingila da ba sa jituwa, aka tilasta musu nuna abota a bainar jama'a. An mayar da shi fim a 2023.

To me matan can suke nema a ciki? A ganina, abin da ya ja su ga Elizabeth ne. Abokin gaba tsara ne. In ya faɗa, a mayar masa. Da marubuciya ta sa duka biyun maza, sai ta kawar da tambayar wa zai yi shiru don shi ne na ƙasa. Abin da ya rage shi ne mutum biyu da suka ga munin juna tun farko, suka kuma zaɓi juna.

Sai dai ki lura, 'yar uwa. Gabar da ke cikin kyawawan labaran nan ta baki ce, kuma sai mai laifi ya sauya kafin a so shi. Duka da wulaƙanci ba su ne mafarin ƙauna ba, ko da wani littafi ya ce haka. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ba a cire ɗaya don ɗayan ya ji daɗi.