Nicodemus: Ƙauyen da 'Yantattun Bayi Suka Kafa a Filayen Kansas

Nicodemus ƙaramin ƙauye ne a gundumar Graham da ke arewa maso yammacin jihar Kansas ta Amurka, kusa da kogin Solomon. Yankin fili ne fetal, ciyawa iya ganin ido, ba a cika samun itace ba sai a bakin ruwa. A nan ne baƙaƙen fata, waɗanda akasarinsu cikin bauta aka haife su, suka kafa gari a shekarar 1877.

Ƙasar noma ce ta kawo su. An soke bauta a Amurka a 1865, amma 'yancin bai zo wa bawa da gona ba. A jihar Kentucky, inda mafi yawan mutanen suka fito, da yawa sun ci gaba da noma gonakin tsofaffin iyayen gijinsu, ana raba amfani, bashi kuma yana cinye rabonsu. A gefe guda akwai dokar rabon filaye ta 1862, wadda ta ba duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara 5 damar mallakar eka 160. Wani farar fata mai cinikin filaye, W. R. Hill, da wani limamin coci baƙar fata, W. H. Smith, suka haɗa kamfanin kafa garin da wasu mutum biyar, aka shiga raba takardun talla a majami'un Kentucky. Sakataren kamfanin, Simon P. Roundtree, shi ne ya fara zama a wurin a watan Yuni, sai Z. T. Fletcher da matarsa Jenny suka biyo baya.

A watan Satumba ayari na kusan mutum 300 ya iso daga wajen birnin Lexington na Kentucky. Abin da suka tarar bai yi kama da abin da takardun suka kwatanta ba, kuma lokacin shuka ya riga ya wuce. Babu katakon gini, don haka suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka rufe da rassa da ƙasa mai ciyawa, suka shiga. Makamashinsu busasshen kashin dabbobi ne da karan ciyayi. Wasu iyalai sun juya nan take. Waɗanda suka tsaya sun sha hunturu mai tsanani da yunwa, kuma zuriyarsu har yau na ba da labarin yadda mafarautan ƙabilar Osage da ke wucewa suka raba musu nama. Abin lura ne cewa taimakon ya fito daga mutanen da su ma aka raba da ƙasarsu a Kansas ɗin.

Ayari na gaba, kimanin mutum 150 daga garin Georgetown na Kentucky, ya zo a farkon 1878. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, suka ƙarasa sama da kilomita 50 wasu a keken doki, wasu a ƙafa. Cikinsu akwai Willianna Hickman, matar wani limami, wadda ta ba da labari a tsufanta cewa da aka nuna mata garin ba ta ga komai ba sai hayaƙi yana fitowa daga ƙasa, ta fashe da kuka. Dabbobin huɗa kaɗan ne, saboda haka da shebur da fartanya wasu suka fasa ƙasar da saiwar ciyawa ta ɗaure tun fil azal. Wannan aikin, fiye da duk wata takardar kamfani, shi ne ya kafa Nicodemus.

Cikin shekara goma garin ya tsaya da ƙafarsa. Fletcher ya buɗe kanti, ya riƙe gidan waya, ya gina otal ɗin St. Francis, Jenny kuma ta fara koyar da yara tun ana zaune a ramuka. Aka koma gini da farin dutsen yankin, aka sami majami'u, banki da jaridu biyu. Edward P. McCabe, wanda ya zo a 1878, an zaɓe shi babban mai binciken kuɗin jihar Kansas a 1882.

Sai maganar layin dogo. Garin da ke tsakiyar fili, in babu jirgi, ba shi da hanyar kai alkama da masara kasuwa, kuma mutanen Nicodemus sun san haka, har suka amince su ci bashi don jawo kamfani. Amma layin kamfanin Missouri Pacific ya tsaya a garin Stockton, bai ƙaraso ba. Na Union Pacific ya bi ta kudancin kogi, inda sabon garin Bogue ya tashi a 1888, kimanin kilomita 10 daga Nicodemus. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma can, wasu har da gine-ginensu. Manoma ne suka zauna a kan gonakinsu, sai fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori da yawa daga cikinsu. An rufe gidan waya a 1953.

A 1996 majalisar dokokin Amurka ta sanya ƙauyen cikin wuraren tarihi na ƙasa, ana kula da gine-gine 5: majami'u biyu, makaranta, otal ɗin Fletcher, da zauren taro da aka gina a 1939. Mazauna dindindin ba su kai 30 ba a yanzu, amma wasu gonakin na nan a hannun jikokin waɗanda suka fara noma su. A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara zuriyar garin kan taru daga sassan Amurka don bikin 'yanci, wanda asalinsa tunawa ne da soke bauta a tsibiran Karibiyan da Ingila ta mulka, ranar 1 ga Agusta, 1834.