ZN414: cip mai ƙafa uku da ya raini masu koyon haɗa rediyo

A shekarun 1920, mai son haɗa rediyo da hannunsa a Ingila ko Amurka yana farawa ne da naɗin wayar jan ƙarfe, da doguwar eriya, da ɗan guntun dutsen galena, irin wanda ake niƙa tozali da shi. Ba batir, muryar kuwa sai an kasa kunne sosai. A 1972 kamfanin Ferranti na Ingila ya fito da ZN414, cip mai ƙafa uku da ya ƙunshi transisto goma, wanda batir ɗaya mai bolt 1.5 ya ishe shi. A ganina darajarsa ta zo ne daga komawa baya da ya yi. Tun 1918 Edwin Armstrong ya ƙirƙiro tsarin da ke sauya zangon tashar kafin a ƙara mata ƙarfi, wannan tsarin ne kuma masana'antu suka runguma, amma daidaita shi aiki ne na ƙwararru. ZN414 ya bi tsohuwar hanya: a zaɓi tashar, a ƙarfafa ta yadda ta zo, a tsamo muryar.

Masu suka suna cewa cip rufaffen abu ne, yaro zai liƙa ƙafa uku da dalma ba tare da ya san me ke gudana a ciki ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai a duba abin da aka bar masa a waje. Shi zai naɗa waya a kan sandar ferait, shi zai haɗa ta da kwandensa mai juyawa, in ya ƙara naɗi ko ya rage sai ya ji tashoshin sun gusa. Wannan shi ne ainihin ilimin kama tasha, kuma kunnensa ne ke ba shi shaida. Abin da aka ɓoye masa, wato ƙara ƙarfin sigina ba tare da rediyon ya ɓarke da ƙara ba, shi ne dama ke sa masu koyo su watsar da aikin. Gaskiya ne kuma tasha mai ƙarfi kan danne ta kusa da ita, amma juya sandar kaɗan yakan rage hakan, da haka ake gane cewa eriya tana da alƙibla.

Ferranti ya durƙushe a 1993, amma tsarin bai mutu ba, domin MK484 da TA7642 sun gaje shi, ana kuma sayar da su da araha. Babbar barazanar ita ce rufe tashoshin matsakaicin zango, kamar yadda Deutschlandfunk a Jamus da Radio France suka yi a ƙarshen 2015, tunda cip ɗin ba ya kama FM. Duk inda irin waɗannan tashoshi ke aiki har yanzu, ya kamata malaman makarantun koyon sana'a su sa ɗalibansu su haɗa wannan rediyo da hannunsu.