Tafkin Kainji: ruwan da ya sauya rayuwar ƙasar Yawuri

Tafkin Kainji ba daɗaɗɗen tafki ba ne. Ya samu ne a 1968, sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aikin da aka soma a 1964 domin samar da lantarki. Ruwan da aka tare ya mamaye sama da murabba'in kilomita 1,200, ya kuma miƙe arewa har gaɓar ƙananan hukumomin Ngaski da Yawuri a Jihar Kebbi. Shanga na gaba da su a bakin kogin.

Cikar tafkin ta tilasta wa mutane kimanin 44,000 barin gidajensu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya rasa ransa a 1806, ta nutse, haka ma mafi yawan tsibirin Foge. Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, waɗanda suka samo sunansu na Hausa daga gungu, wato tsibiri. Sun shahara da kamun kifi da noman albasa a bakin ruwa. Tare da su akwai Kambari da Shangawa, sai Sarkawa, masuntan da ke bin kifi duk inda ya nufa.

A ruwan akwai giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, akwai kuma kada da dorina da ayu. Dorina kan fito da dare ta ɓarnata gonakin shinkafa, wani lokaci ta kife kwalekwale. Mai son ganin namun daji kamar gwanki da ɓauna sai ya nufi Gandun Dajin Tafkin Kainji, mai sassa biyu, Borgu da Zugurma, bayan ya bincika halin tsaro.

Kogin na cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce. Ta biyu kuwa tana isowa da hunturu, daga tsaunukan ƙasar Gini inda kogin ya samo asali. Da wannan hawa da sauka na ruwa manoma da masunta ke tsara aikinsu.

Matsalolin yankin a fili suke. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi kafin su girma, abin da ke komawa kan farashin busasshen kifi a kasuwannin birane. Sufurin ruwa ma na da haɗari, domin kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye suna nan a ƙarƙashinsa. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da fasinjoji ya nutse kusa da Wara a Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Saboda haka ya kamata baƙo ya guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ya nemi rigar kariya, kada kuma ya yarda da tafiyar dare. Lokacin bikin Rigata na Yawuri, inda ake tseren kwalekwale da gasar ninƙaya, shi ne mafi dacewa ga mai son ganin gwanintar mutanen ruwa.