A Ba Talaka Bindiga? Abin da Tarihin Gure Ya Koya Mana

Tun da ta'addanci ya yi ƙamari a yankinmu, wata magana ta shiga bakin mutane a majalisu da tashoshin mota da kuma Facebook: tunda hukuma ta kasa kare talaka, a ƙyale talaka ya riƙe bindiga. Wasu har da kafa hujja da Amurka, wai can kowa da tasa a ƙarƙashin matashi. Ni malamin makaranta ne a Gure, kuma uba, saboda haka maganar ta shafe ni ta fuska biyu. Ban raina masu wannan kira ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka kore wa shanu aka ƙone masa rumbu, jami'an tsaro kuma ba su iso ba sai bayan an yi jana'iza, yana da hujjar da ba a ture ta da fatar baki. Sai dai akwai tambaya guda da ba na jin ana yi: ranar da bindigar ta kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wa zai amsa? Tarihin ƙasarmu yana da abin faɗi a kan wannan.

Gure ita ce fadar ƙasar Muniyo, wadda ke biyan gaisuwa ga Shehun Barno. A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yada zango a nan kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder, har ya gana da Muniyoma Koso. Ƙarfin sarauta a lokacin doki ne da mashi da kwari da baka. Amma a yamma da mu abubuwa suna sauyawa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi ta hannun fataken da ke ratsa Sahara daga Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a gida, maƙeran Zinder kuma suna zuba masa igwa. Da wannan ƙarfi Damagaram ta daina jin tsoron Barno, ta haɗiye maƙwabtanta, har da Muniyo.

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, bindigogin Tanimun na fada ne. Yawancin masu riƙe su bayin sarki ne da ke ƙarƙashin shugabanni sanannu, don haka duk inda aka ji ƙararta an san daga ƙofar da ta fito. Na biyu, ba kyauta aka samo su ba. Cikin abin da ake turawa arewa don a biya kuɗinsu har da 'yan Adam da aka kamo a yaƙi. Wato tun ranar farko, tsaron da bindiga ta ba wani gari, wani ƙauye ne ya biya da 'ya'yansa.

Bindiga ta ci gaba da cin wanda bai kai ta ba. Rabe ya rushe daular Barno a 1893 da rundunar 'yan bindiga. Shi ma Turawan Faransa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilu na 1900, bayan sun riga sun ci Zinder a 1899. Kafin nan kuwa, a 1890, ƙasashen Turai sun zauna a birnin Burusel sun ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a wani makeken yanki da ƙasarmu ke cikinsa. Sun ce don yaƙi da cinikin bayi ne. A aikace, sakamakon shi ne su ke da mai harbi a jere, mu kuma aka bar mu da harba-ka-ruga. Duk tsawon mulkin mallaka, sai da izinin hukuma mutum ke riƙe bindiga. Bayan samun 'yancin kai gwamnatocinmu suka gaji wannan tsari. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ce ke aiki har yau, kuma ta ɗora ikon ba da izini a hannun shugaban ƙasa da shugabannin 'yan sanda. To, duk mai cewa hana talaka bindiga gadon Bature ne, ya faɗi wani ɓangare na gaskiya. Sauran gaskiyar tana cikin abin da ya faru a shekarun 1990.

A waɗancan shekaru tawaye ya ɓarke a arewacin Nijar, daga baya ya sauko gabas, inda ƙungiyoyi irin su FDR suka ɗauki makami a Kawar da ƙasar Manga. Dajin da ke arewa da gabas da mu, daga Tasker, wadda a lokacin take ƙarƙashin Gure, har zuwa Ngigmi, ya zama wurin da matafiyi ke shiga da fargaba. Makiyaya Larabawa da Fulani suka kafa ƙungiyoyin kare kai, da hujja irin wadda muke ji yau: ana kwashe mana dabbobi, hukuma ta yi nisa. An sa hannu kan sulhu da 'yan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da har yau muke hutu dominta, aka kuma yi wani da FDR a Njamena a 1998. Takarda ta ƙare yaƙi, amma bindigogi suna nan a ɗakuna da rugage. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka cinna wa bindigogi fiye da 1,000 wuta a Agadas a bikin da aka kira wutar zaman lafiya. A Ngigmi sai da aka yi shirin musayar bindiga da ayyukan raya karkara kafin wasu su yarda su miƙa tasu. Shigar bindiga gari ba ya ɗaukar mako guda, fitar da ita kuwa ya ci shekaru da kuɗi da lallashi, kuma ba a gama ba sai ga rumbunan makaman Libiya sun fashe a 2011.

Maƙwabtanmu na kudu sun fi mu nisa a wannan hanya. A Zamfara, 'yan sa-kai sun taso ne don maganin ɓarayin shanu. Da aka fara kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, sai ɗaya ɓangaren ma ya ƙara sayen makamai da sunan kare kai, ramuwa ta bi ramuwa. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 Gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19 don neman izinin riƙe bindiga, amma babban hafsan tsaron Najeriya, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Waɗanda suka gaje su sun sauya salo. Dikko Radda a Katsina a 2023, da Dauda Lawal a Zamfara a 2024, sun kafa rundunonin tsaron al'umma masu rajista da horo da albashi. Ko me za a ce kan nasararsu, sun koma ga abin da fadar Tanimun ta sani: a san mai riƙe da ita, a san shugabansa. A namu gefen kuma ba mu manta da Banibangu ba, inda a watan Nuwamba na 2021 aka kashe mutum 69 daga cikin 'yan sa-kai, har da magajin garin da ya jagorance su. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba. Abokan gabar ne suka fi su makami da horo.

Yanzu bari mu duba Amurkar da ake kafa mana hujja da ita, domin labarinta rabi kawai ake ba mu. Gaskiya ne tun 1791 kundin tsarin mulkinsu ya ambaci 'yancin riƙe makami. Amma ƙarfin da wannan 'yanci ke da shi a yau, talakawan mambobi ne suka gina shi. Ƙungiyar NRA, wadda aka kafa a 1871, ta daɗe tana koyar da harbi da farauta. A babban taronta na 1977 a birnin Cincinnati, mambobi suka tuɓe shugabanninsu suka ɗora masu zafin ra'ayi, aka mai da ƙungiyar ta siyasa. Daga nan sai rubuta wa 'yan majalisa wasiƙu, da cika zauren majalisun jihohi, da kayar da duk ɗan takarar da ya saɓa musu. A wannan fanni akwai abin koyi ga duk mai neman a ji kukansa.

Rabin da ba a faɗa mana shi ne wannan. Daga 1998 birane irin su Chicago da New Orleans suka fara kai kamfanonin ƙera bindiga kotu, suna cewa yadda suke sayar da hajarsu yana cika unguwanni da gawa. Sai masu fafutukar suka buɗe sabon fage: a yi dokar da za ta hana irin wannan ƙara. Hujjarsu ita ce, ba a kama maƙeri don wani ya soki wani da wuƙar da ya ƙera, kuma ƙararrakin dabara ce ta talauta kamfanonin. Suka yi nasara. A watan Oktoba na 2005 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ba kamfanoni da dillalai kariya, in ban da 'yan wurare kaɗan, kamar idan bindigar na da aibi daga masana'anta ko an karya dokar sayarwa da gangan. A watan Disamba na 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 da manya 6, malamai da ma'aikata. Iyalai tara sun shafe shekaru a kotu suna neman ƙaramar ƙofar da dokar ta bari, sai a 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 73 daga kamfanonin inshorar Remington. Ƙasar Meziko ma ta kai ƙara a 2021, tana cewa bindigogin Amurka ne ke hannun 'yan daba a ƙasarta. A watan Yuni na 2025 kotun ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar baki ɗaya, bisa waccan doka ta 2005. Kuma tun daga 2020 alƙaluman hukumomin lafiyarsu suka nuna harsashi ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa.

Idan ƙasa mai girman Meziko, da lauyoyinta da kuɗinta, ta dawo hannu rabbana, ina ga uwar da ke Kelle ko Gidigir? Kalashnikof ɗin da ke yawo a dajinmu an ƙera ta a wata ƙasa mai nisa shekaru da dama da suka wuce, ta ratsa hannu goma kafin ta iso. Ba kamfanin da za a kai ƙara, ba dillali mai shago, ba inshora. Kariyar da kamfanonin Amurka suka sha wuya kafin su samu, masu safarar makamai zuwa Sahel sun same ta a ɓagas. Duk nauyin yana sauka kan mutum biyu: wanda aka harba, da yaron da ya harba.

Shi ya sa nake ganin maganar ta fi shafar iyaye da malamai a kan kowa. In aka ce a ba gari bindiga, ba dattawan majalisa za su rataya ta ba. 'Yan shekara 17 zuwa 25 ne, waɗanda jiya suke zaune a gabanmu a aji. Mun san yadda matasan "fale" suka addabi unguwannin Zinder da wuƙa da adda kawai. Mun san abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A ƙasa irin tamu, inda Manga da Bahaushe da Bafulatani da Tubu da Buzu ke shan rijiya ɗaya, kuma kowace kaka sai an yi cacar baki kan ɓarnar gona, bindigar da aka saya don ɓarawo tana iya tashi a kan maƙwabci.

Ba na cewa a naɗe hannu a jira mutuwa. Ina cewa duk wanda ya zo mana da wannan kira, ɗan siyasa ne ko mai wa'azi ko ɗan ƙungiya, mu tare shi da tambayoyin da tarihi ya bar mana. Wa zai rubuta sunan mai riƙe da ita da lambarta? Wa zai ƙirga harsashi safe da yamma? In an kashe marar laifi, gaban wane alƙali za a je, wa kuma zai biya diyya? In ƙura ta lafa, wa zai karɓe ta, da me kuma yaron zai ci abinci? Wanda ba shi da amsar waɗannan, bai gama shirin da zai sa mu ba shi 'ya'yanmu ba. Irin naci da haɗin kan da mambobin NRA suka nuna, mu ma muna iya yin sa ta ƙungiyoyin iyayen yara da na malamai, mu matsa wa hukuma ta kawo jami'an tsaro kusa, ta gyara hanya, ta hukunta ɓarawon da aka kama maimakon a gan shi a kasuwa bayan mako biyu.

A aji kuma, mu koyar da tarihin Muniyo da Damagaram da cikarsa: igwar Tanimun da ganuwarsa, da kuma mutanen da aka sayar don a saye su. Mu gaya wa yara dalilin hutun 24 ga Afrilu, da abin da aka ƙona a Agadas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya san nawa aka biya kafin a raba iyayensa da bindiga, zai yi tunani sau biyu ranar da wani ya miƙo masa ita. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.